Makonni Biyu na Jira

Matar da ta shiga zagayen farko na dashen ciki, wato IVF, takan zaci allurai ne za su fi wahalar da ita. Kusan kwana 10 zuwa 12 tana shan allura domin ƙwayaye su nuna, sannan a ciro su, a haɗa da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji. Bayan kwana 3 zuwa 5 a mayar da tayin cikin mahaifa.

Daga nan zullumi yake somawa.

Sai an yi kusan mako biyu kafin gwajin jini. Maganin furojestaron da ake ba ta yana kawo kasala, kumburin ciki da ciwon nono, irin alamomin shigar ciki, sai zuciya ta yi ta saƙa da warwara. Gwajin fitsari a gida ma yakan ruɗe ta idan ta yi gaggawa, domin allurar hCG da aka yi mata kafin a ciro ƙwayayen ba ta gama barin jiki ba.

Wasu matan sukan ɓoye wa dangi gudun gori, kuma suna da hujja, amma aminiya ɗaya tana rage nauyi sosai. Wata mata mai suna Lesley Brown ta shekara 9 tana neman haihuwa kafin ta haifi 'yarta Louise ta hanyar IVF a Ingila a 1978. Zagayen farko sau da yawa ba ya kamawa, kuma daga shi likita yake daidaita maganin zagaye na biyu.