Abin da 30031 ke yi wa ɗalibaina

Lambar firam ita ce wadda ta fi 1, kuma babu mai raba ta cif-cif sai 1 da ita kanta: 2, 3, 5, 7, 11, haka dai. Kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Yuklid na Iskandariyya ya tabbatar cewa ba su da iyaka, da hujjar da ba ta cika rabin allo ba. Tattaro firam ɗin da ke hannunka, ka ninka su da juna, ka ƙara 1. Ko da wacce cikinsu ka raba wannan sabuwar lamba, sai 1 ta yi saura. Alhali duk lambar da ta wuce 1 tana da firam mai raba ta. Ashe akwai wadda ba ta cikin jerinka.

Koyar da wannan a sakandare ya nuna mini inda yara ke tuntuɓe. Suna tashi da cewa sabuwar lambar ita kanta firam ce. Ba na ganin laifinsu, don lambobin ne ke yaudararsu: 2 sau 3 a ƙara 1 ya ba da 7, daga nan 31, 211, 2311, duk firam. Wa zai yi zargin ta gaba?

Shi ya sa ba na gyara musu nan take. Nakan bar su da ƙa'idarsu, in ce su ninka har zuwa 13, su tafi da 30031 aikin gida, ban da kalkuleta. Su gwada 17 ta ƙi, 19 ta ƙi, 23 ta ƙi. Masu gajen haƙuri kan tsaya wajen 40, su zo mini da fara'a. Masu naci kuwa sukan kai 59, su tarar 59 sau 509 ce. Yaron da ya sha wannan rabawar da hannunsa, da wuya ya sake ce mini "Malam, na gwada ya yi" a matsayin hujja.

Sannan in sa su duba jerin: 59 ba ta ciki, 509 ma haka. Iya alkawarin da Yuklid ya yi ke nan, ragowar kuwa yaran ne suka ƙara masa.

Ba a rasa mai tambayar wace firam ce mafi girma. Nakan ba su labarin wadda aka gano a Oktoban 2024, mai alƙaluma fiye da miliyan 41, in ce mai tambayar ya taso ya gaya wa aji dalilin da ya sa ba ita ce ta ƙarshe ba.