Abin da Ya Cije, Kar Ka Buge Shi

Jama'a, yau dogon rubutu ne, ku yi haƙuri da ni.

Da muka gama jarabawar ƙarshe a KASU, reshen Kafanchan, 'yan ajinmu suka ce bana ba za mu tsaya ga rubutu a farar riga kawai ba, sai mun yi wasan harbin fenti irin wanda muke gani a bidiyo. Aka yi karo-karo, aka yi hayar bindigogin wasan guda huɗu da abin rufe fuska daga wani mutum a Abuja. Ni ne ma'ajin aji, ni na sa hannu, na kuma ajiye masa jinginar naira 60,000. Dubu 20 daga ciki kuɗin ɗaure furojet ɗina ne.

Ga wanda bai san ta ba, babu harsashi babu albarushi. Iska ce aka matse a cikin 'yar tukunya. A cikin bindigar akwai wani abu mai kai-komo kamar sakatar ƙofa: ya ja baya ƙwallon fenti ya faɗo, ya yi gaba ya tura shi cikin bututu, iska ta cilla shi. A jikin sakatar akwai zobban roba masu tare iska.

Mun yi wasa a wani fili bayan gari, ana cikin yayyafi sai ta hannun Dogo ta cije. Sakata ba gaba ba baya. Kafin mu ankara ya ɗiga mata baƙin mai na babur ɗinsa, wai ta yi santsi. Ta ɗan motsa, muka ci gaba. Washegari da safe ta ƙi ko gezau, ga shi jibi za a mayar.

Dogo ya ce, “Mutumina, mu kai wa bakanike a kasuwa mana.”

Na ce, “Kai, a wannan zamanin, a Kudancin Kaduna, in rataya abu mai kama da bindiga in ratsa gari? Kafin in yi bayani an gama da ni.”

Sai ya ɗauko dutse zai buga mata. Da ƙyar na riƙe hannunsa.

Gaskiya na tsorata. Tun da cutar citta ta 2023 ta cinye gonaki daga Kachia zuwa Jaba har garinmu Kagarko, gidanmu bai gama farfaɗowa ba. Ba ni da fuskar da zan ce a sake turo mini dubu 20. Duk da haka Baba na kira, na yi masa bayani ina kame-kame.

Ya yi shiru, sannan ya ce, “Me kuka ba ta ta sha?”

Na ce, “Baƙin mai ne, Baba.”

Ya yi dariya. “Ka manta injin feshinmu? Shekarar da yayanka ya zuba wa famfon baƙin mai, robar ta kumbura, hannun ya ƙi dannuwa? Abin da ya cije kar ka buge shi. Buɗe shi ka ga abin da ya ci.”

Wallahi sai na ji kunya. Hutu nawa na yi ina kwance injin nan a gindin mangwaro, amma a makaranta ban taɓa bari a san na iya ba.

Na rufe ƙofa na shimfiɗa buhu. Na fara cire tukunyar iska, na tabbatar babu sauran iska a ciki, na zazzage ƙwallayen, na kwance bututun. Da na zaro sakatar a hankali, matsala biyu na tarar. Ta farko, ɓawon ƙwallayen nan irin na kafson magani ne, danshi na kumbura shi. Ɗaya ya kumbura, sakata ta datse shi, fenti da ɓawo suka bushe suka zama danƙo. Ta biyu ita ce ta Baba: zoben roba ɗaya ya sha mai ya yi suntum.

Na wanke da ruwan ɗumi, na goge da tsumma mai laushi, na bar komai ya bushe sarai. A aljihun jakar da aka kawo su na sami 'yar leda da sababbin zobba da ƙaramar kwalbar man da aka yi don su. Tun farko yana nan, ba wanda ya duba! Na canza zoben, na shafa man kaɗan da ɗan yatsa, na mayar. Da na ja sakatar sai ta tafi sumul. Muka sa abin rufe fuska muka gwada a jikin buhu. Tas! Dogo har da rawa.

Ranar mayarwa na gaya wa mai kayan duk abin da ya faru. Ya cire kuɗin zobe, ya miƙo mini saura. An ɗaure furojet, alhamdulillahi.

Da na je gida na tarar da injin feshin a rataye a bayan rumbu, famfonsa na yoyo. Ban jira an sa ni ba, na sauke shi.

Dogo, na san kana karantawa. Na yafe, amma kuɗin zoben nan kai za ka biya.