Föglö, tsibirin da jini ya ƙi tsayawa

Tsakanin Suwidin da Finlan akwai tarin tsibirai da ake kira Åland. Ƙasar Finlan ce, amma da Suwidanci ake magana, kuma mutanen wurin, kimanin 30,000, suna da majalisarsu a Mariehamn. Daga can na shiga mota zuwa Svinö, jirgin fito ya ƙetare da mu zuwa Degerby a tsibirin Föglö. Jajayen duwatsu, gidajen katako, kwalekwale ɗaure a bakin ruwa, mutane 'yan ɗaruruwa. Baƙo ba zai ga alamar komai ba. Amma duk ɗalibin likita, ko a Zariya yake ko a Yamai, ya haddace sunan cutar da aka gano a nan.

A 1924 aka ɗauki wata yarinya 'yar shekara biyar daga wannan tsibiri zuwa Helsinki wurin likita Erik von Willebrand. Haɓo ba ya barinta, dasashinta na zubar da jini, kuma jini ya riga ya kashe wasu 'yan'uwanta mata. Abin da ya ɗaure wa likitan kai shi ne ƙwayoyin filatilet, waɗannan ƙananan ƙwayoyin jini masu toshe rauni, yawansu bai yi ƙasa sosai ba. Suna nan, amma in an tsaga fata jinin ba ya tsayawa. Ya bi dangin, mutum 66, ya samu 23 da matsalar, mata sun fi yawa. Ya buga bincikensa a 1926, daga baya cutar ta ɗauki sunansa. Yarinyar kuwa, da ta balaga, jinin haila ne ya yi ajalinta.

Sai a shekarun 1950 aka fara gane abin da ta rasa a jininta. A jijiyar da jini ke gudu da ƙarfi, filatilet ba ta iya tsayawa a kan rauni ita kaɗai. Ambaliyar wucewa take yi da ita. Akwai wani dogon furotin, wanda yanzu ke ɗauke da sunan von Willebrand, da ke manne wa kolajin inda jijiya ta yage, gudun jinin ya warware shi. A bayan filatilet kuma akwai maƙalai, kamar ƙugiyoyi, kowanne da abin da yake kamawa. GPIb shi ke fara cafkar wannan furotin, ƙwayar ta rage gudu, ta dinga mirginawa. GPVI ya taɓa kolajin, ya tayar da ita: ta sauya siffa, ta fid da ƙafafu, ta fesa ADP da turomboksen don kiran 'yan'uwanta. Sannan GPIIb/IIIa, wanda kowace ƙwaya ke ɗauke da dubbansa, ya buɗe ya kama wani furotin, fibirinojin, ƙwaya ta liƙe da ƙwaya har ramin ya toshe. Filatilet ɗin yarinyar Föglö suna da maƙalansu. Abin kamawa ne babu.

Akasin haka ma yana faruwa. Wanda aka haifa babu GPIb yana da cutar Bernard-Soulier, da aka bayyana a 1948. Wanda ya rasa GPIIb/IIIa yana da ta Glanzmann, tun 1918. Dukansu sai an gada daga uwa da uba, shi ya sa sun fi bayyana inda auren zumunci ya yawaita, abin da ba baƙo ba ne a gidajenmu. Ni dai ina ganin yarinyar da haila ke galabaitar da ita kowane wata ta cancanci bincike fiye da ƙirga ƙwayoyi a ce mata lafiya lau.

Likitocin zuciya kuma nasu aikin danne wannan hanya ne da gangan. Asfirin yana hana yin turomboksen, kulofidogirel yana toshe P2Y12, maƙalin da ke amsa kiran ADP, don kada gudan jini ya rufe jijiyar zuciya. Shi kuwa hefarin, maganin hana jini daskarewa, Erik Jorpes, ɗan tsibirin Kökar da ke kudu maso gabas da Föglö, yana cikin waɗanda suka tace shi a Stockholm har aka fara ba majinyata a shekarun 1930.