Gaɓar Norway, inda dare ke ƙin zuwa

Idan Allah ya hore maka shiga jirgin ruwan Hurtigruten daga Bergen zuwa Kirkenes a ƙasar Norway, za ka zaci sanyi ne zai fi damunka. A'a, barci ne.

Tun 1893 jiragen nan ke zirga-zirga a gaɓar ƙasar, yanzu suna tsayawa a tashoshi 34. Wasu garuruwan masunta ne, inda ake sauke kaya cikin 'yan mintuna a wuce. Jirgin yana ratsa lungunan teku masu zurfi da ƙanƙara ta sassaƙa tsakanin duwatsu tun zamanin da. Har yanzu akwai ƙanƙara a wurin, kamar makeken tudun ƙanƙarar Svartisen.

Amma idan ka isa Tromso tsakanin ƙarshen Mayu da ƙarshen Yuli, rana ba ta faɗuwa sam. Sha biyun dare sai ka ce la'asar sakaliya. Jiki kuwa sai ya ga duhu yake sakin sinadarin da ke kawo barci. Yara za su ƙi kwanciya, kai ma haka. Saboda haka ka ja labule, ka ɗaure ido da ƙyalle, ka bi agogo. Mai hawan jini ko ciwon suga ya saita ƙararrawar waya, don a nan ne lokacin shan magani ke ɓacewa mutum.

Sallah fa? A irin waɗannan makonni, Musulman Tromso da yawa lokutan Makka suke bi. Ka tambayi malaminka tun kana gida.