Karatun Likita da Furfura

A Bunguɗun da muka taso ba a tambayar yaro me yake so ya zama. Ɗan maƙeri ya san maƙera na jiransa, ɗan manomi ya san auduga. Wanda aka sa boko kuwa, ko dai ya zama malamin makaranta, ko ya bi jiniyar masaƙar Gusau, ya dawo ran Juma'a da sabon keke. Ni malanta Baba ya zaɓar mini, na kuma karɓa hannu bibbiyu.

Sai dai tun ina ƙarami ƙafata ba ta wuce ɗakin shan magani ba tare da na leƙa ba. Warin Izal ne ke fara tarbar mutum tun daga bakin ƙofa. A ciki sirinjin gilashi na tafasa a kan risho, yana ƙwanƙwasa gefen tukunya. Tsofaffi kan zo da kwalabensu a zuba musu jan magani, kuma duk wanda aka sallama da ƙwaya kawai sai ya tsaya ya ce, "Malam, yau ba allura?" A wurinsu maganin da bai yi zafi ba bai shiga jiki ba.

Ina koyarwa a wata firamare a Tsafe sanƙarau ya shigo da bazarar 1996, watanni kafin a ba mu jihar Zamfara. Ina kiran suna da safe, sai yara su ce, "Malam, wuyansa ya sage." Wasu sun dawo ba sa ji. Wasu benci ne ya ci gaba da zama babu su. Alli na hannuna, amma ba abin da zan iya yi musu. A wannan bazarar na yanke shawara.

Na sake zama da littattafan kimiyya bayan sallar isha, da fitilar ƙwai, na rubuta JAMB tare da yaran da na taɓa koya wa baƙi. Da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ta ɗauke ni, ina da iyali, gemuna ya fara fari. 'Yan ajinmu Baba suke ce mini, su bar mini kujerar gaba. Shekara shida ake yi a karatun likita. Ƙuli-ƙulin uwargida ne ya riƙe gidan, Allah Ya saka mata.

Yanzu sirinji na roba ne, a yi sau ɗaya a yar, kuma hakan ya fi lafiya. Mara lafiya kan zo ya riga ya duba ciwonsa a waya. Na yi kewar yadda a da ake fara gaisuwa da tambayar gida da gona kafin a zo kan ciwo.

Inna dai har ta bar duniya ba ta yarda ta sha maganin da na rubuta ba. "Kai da na goya?" in ji ta. "Kira mini likitan gaske."