Wasiƙa daga Bradford: gidanmu mu huɗu

Zuwa ga Yaya,

Ina fata kana lafiya, da Inna da yara da duk mutanen gida. Allah ya sa damina ta yi albarka a ƙasar Bichi.

Labarin da ya iso maka gaskiya ne. Mun sayi gida mu huɗu, kuma babu wanda na haɗa jini da shi a cikinsu: Bazazzagi ma'aikacin jinya, Basakkwace direban bas, da wani ɗan zangon Kumasi. Gidan dutse ne cikin jerin gidajen da suke manne da juna, waɗanda aka gina wa ma'aikatan masaƙun ulu tun ƙarni na 19. Laima ta ci bangonsa, rufin yana yoyo. Asabar da Lahadi muke yin gayya, mu kankare, mu yi fenti. Wuta da iskar gas kam sai da muka kira masu takardar izini, nan ba a wasa da su.

Kuɗin kafin alƙalami adashi muka yi. Ba mu muka fara ba, 'yan Pakistan da suka zo aikin masaƙa a shekarun 1950 da 1960 da irin wannan zubi da yawansu suka mallaki gidaje. Ragowar ta bankin Musulunci muka bi don gudun kuɗin ruwa: banki ya sayi kaso, muna biyan haya muna fansar kason nasa kaɗan-kaɗan.

Abin da na fi so ka sani shi ne zamanmu da lauya. Dokar Ingila ba ta yarda a sa sunan fiye da mutum huɗu a takardar gida ba, kuma hanyar mallakar gida tare iri biyu ce. Ta farko, in ɗaya ya rasu kasonsa ya koma hannun sauran, magadansa ko sisi. Ta biyu, kowa da kasonsa a rubuce, ya bar wa wanda ya ambata a wasiyya. Ta biyun muka ɗauka, don gado ya tafi yadda shari'a ta tsara. Sannan aka rubuta wa ya zuba nawa, wa zai biya gyaran rufi, in mutum zai fita wa za a fara yi wa tayi. Tun ba mu kwana a gidan ba aka gama maganar rabuwa.

Na san a gida za a ce rashin yarda ne. Amma ka tuna gandun su Baffa bayan rasuwar Kaka. Kunya ta hana kowa buɗe baki yana raye, daga baya aka yayyanka gonar, aka yi ta jayayya a kan kuka guda da ke kan iyaka, 'yan uwa ciki ɗaya suka shekara ba sa ga maciji. Ƙasarmu kuwa ba ta ƙaruwa, mu ne muke ƙaruwa. Kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni take yi a rubuta bashi da shaidu.

Ga kwafin wasiyyata nan, ka kai wa Liman ya duba. Ina kuma roƙonka, tun Inna na da ƙarfinta, ka tara mu ta waya, a kira Mai Unguwa, a rubuta iyakar gonar fadama da kason kowa, har da na mata.

A gaida Inna, a ce ta sa ni a addu'a.

Ƙaninka.