Kurajen Zafi a Watan Azumi

Litinin, 17 ga Azumi
Hunturu ya daɗe da barin Unguwar Sarki, amma surukata ba ta ajiye kwalbar basilin ba. Da na karɓi jikana, ɗan wata biyar, na ɗaga haɓarsa: wuyan duk ƙananan kuraje jajaye, kamar an watsa gero, har gadon baya. Na ce, "'Yar nan, a dakata da man nan." Ta ce, "To Mama, fatarsa fa za ta bushe."

Talata
Tsoron surukata na lokacin sanyi ne. Fata tana da nata man. A gindin gashi akwai 'yan jakunkuna masu fitar da maiƙo, sun fi yawa a fuska da fatar kai. Tafin hannu da tafin ƙafa ba su da ko ɗaya, shi ya sa faso ke cin diddige da hunturu, nan ne kuma man kaɗanya ke da amfani. Yanzu kuwa bazara ce. Maɓuɓɓugan gumi a jikin mutum sun kai miliyan 2 zuwa 4, kowanne da siririyar hanyarsa zuwa saman fata. Ta jariri ba ta yi ƙwari ba. Mai kauri da tulin riguna suka danne ta, gumi ya rasa mafita, ya kumbura a ciki. Yana ba ni takaici yadda muke yi wa yara haka da sunan gata.

Alhamis
An ɗauke wuta tun asuba. Mun kwantar da jikana a inuwa, daga shi sai zanen auduga. Wanka da ruwan randa, babu hoda.

Juma'a
Autana ya dawo daga Masallacin Sultan Bello, gishirin gumi ya yi fari a bayan rigarsa. Mai aiki cikin wannan rana yana iya zubar da fiye da lita 1 a awa guda, ga azumi a baki. Na sa shi ya cire yadin roba, don gumi ba ya sanyaya jiki sai iska ta busar da shi. Ya fara jin kunyar hammatarsa. Na ce masa gumin hammata daban ne, da balaga yake farkawa, kuma ƙwayoyin cutar da ke kan fata ne ke ba shi wari. Sabulu ya isa.

Lahadi
Kurajen wuyan jikana sun kwanta, saura na matsematsi. In suka yi ruwa, ko zazzaɓi ya biyo baya, asibiti za mu kai shi.